Karen Rasha A Zafin Madalla: Kafin A Kawo Kare Gida

  

Yau zancen kare za mu yi. Na san wani zai ce, me ya haɗa mai haɗa magunguna da kare? A yi haƙuri a bi ni, za a ga inda suka haɗu.

Kwanakin baya, bayan la'asar, wani dattijo da ya saba karɓar maganin hawan jini a shagonmu na nan Madalla ya shigo tare da ɗansa, yaro ɗan kimanin shekara goma sha biyar. Bayan mun gaisa na haɗa masa maganinsa, sai yaron ya miƙo mini waya. Bidiyon wani kare ne dogo siriri, mai dogon baki kamar an ja shi, ga gashi yana zuba kamar gyalen siliki, yana tafe cikin ƙasaita.

Yaron ya ce, "Anti, Abba ya ce in kin ce babu matsala zai saya mini."

Alhaji ya yi murmushi ya ce, "'Yata, ku ne masu karance-karancen nan. Ɓarayi sun matsa mana a unguwa, ni karen gadi nake nema, shi kuwa ya kafe sai wannan. Wani a Abuja ya ce zai sa a kawo mana kwikwiyonsa daga waje."

Na ce, "Baba, a ba ni kwana biyu. Kafin nan kada a ba kowa ko sisi."

Karen da ke cikin bidiyon nan sunansa Borzoi, ɗan asalin ƙasar Rasha. Hotunansa sun yi yawo sosai a TikTok saboda tsawon bakinsa, shi ya sa yaranmu suka san shi. Abin da na faɗa wa Alhaji bayan kwana biyun shi ne zan maimaita a nan, domin na lura gidaje da yawa a Madalla da Suleja da Zuba sun fara ajiye karnuka saboda halin tsaro, kuma akasari ana zaɓen kare ne da ido kawai.

Asalinsa

Sunan Borzoi ya samo asali ne daga wata tsohuwar kalmar Rashanci mai ma'anar sauri. Yana cikin dangin karnukan da ke farauta da ido. Karnukan farauta iri biyu ne: akwai masu bin sawu da hanci, su yi ta shinshina har su cim ma dabba, akwai kuma masu hango dabba daga nesa su bi ta da gudu su kama. Borzoi na cikin kashi na biyu.

Tun wajen ƙarni na 17 sarakuna da manyan masu ƙasa na Rasha suke kiwonsa domin farautar zomo da dila da kyarkeci. Farautar tasu kamar hawan sallah take. Akan fita da mahaya dawakai masu yawa da barori, da karnuka da kan haura ɗari a babbar farauta. Masu bin sawu su ne ke shiga kurmi su koro kyarkeci fili, sannan a saki Borzoi, yawanci uku-uku, maza biyu da mace ɗaya. Aikinsu su cim masa, su kama wuyansa su danne shi a ƙasa har mafarauci ya iso ya ɗaure shi ko ya kashe shi. Marubucin Rasha Leo Tolstoy ya siffanta irin wannan farauta a littafinsa na Yaƙi da Zaman Lafiya.

Kiwon ɗaruruwan karnuka sai da hannaye masu yawa, kuma talakawan da ke ɗaure a gonakin masu ƙasa su ne ke wannan wahala. Da Sarki Alexander na Biyu ya 'yanta su a 1861, sai manyan gidaje da yawa suka kasa riƙe karnukansu, adadinsu ya ragu. Daga baya masu sha'awa suka tashi tsaye, aka rubuta ƙa'idar siffar karen a 1888. Gidan kiwon da ya fi shahara shi ne na Perchino a yankin Tula, wanda wani ɗan gidan sarauta, Nikolai Nikolaevich, ya kafa a 1887. Sarakunan Rasha kan ba da Borzoi kyauta ga takwarorinsu na Turai, kamar yadda sarakunanmu ke kyautar ingarman doki. Sarauniya Alexandra ta Ingila tana cikin waɗanda suka kiwata shi.

Juyin juya halin 1917 ya kusa gamawa da shi a ƙasarsa, domin an ɗauke shi alamar masu mulkin da aka tumɓuke, aka hallaka da yawa. Waɗanda aka riga aka fitar zuwa Ingila da Amurka da sauran ƙasashe sun taimaka ƙwarai wajen tsirar da irin. A Amurka ma da sunan karen kyarkecin Rasha aka san shi, sai a 1936 aka mayar masa da sunan Borzoi.

Siffarsa

Babban kare ne. Namiji daga ƙasa zuwa kafaɗa yakan kai santimita 75 zuwa 85, mace kuma 68 zuwa 78. Wato idan ya tsaya kusa da teburin cin abinci, bayansa ya yi daidai da teburin ko ya ɗara shi, kansa kuwa yana kan kwanon miya ba tare da ya yi ɗage ba. Nauyin namiji yakan kama daga kilo 34 zuwa 48, mace kuma ba ta kai haka ba.

Kansa dogo ne siriri, kunnuwa ƙanana a kwance ta baya, ƙirji mai zurfi, ciki a ɗame, baya mai ɗan lanƙwasa, ƙafafu dogaye, wutsiya doguwa mai gashi. Duk wannan ƙira ta gudu ce. Zurfin ƙirjin ya ba huhu da zuciya wuri, bayan kuma yana lanƙwashewa yana miƙewa kamar baka, har a kowane taku ƙafafunsa huɗu sukan bar ƙasa sau biyu. Yakan yi gudun da ya kai kimanin kilomita 55 zuwa 60 a awa, wato gudun ɗan acaɓa a kan kwalta.

Gashinsa dogo ne mai laushi, a ƙarƙashinsa kuma akwai wani gashin mai kauri da ke tsare shi daga sanyin ƙanƙara. Launinsa iri-iri ne, amma an fi ganin fari mai dabbare-dabbaren ja ko baƙi ko ruwan toka. Yana zubar da gashi sosai, kuma sai ana taje shi a kai a kai. Yakan rayu shekara 9 zuwa 14.

Halinsa

A nan ne na san Alhaji zai girgiza kai. Borzoi kare ne mai shiru, ba kasafai yake haushi ba. A cikin gida yakan nemi wuri mai laushi ya miƙe ya yi ta barci, har masu kiwonsa kan ce halin kyanwa gare shi. Yana son mutanen gidansu, baƙo kuwa sai dai ya kalle shi ya kau da kai. Ke nan wanda ya saye shi don gadi ya yi wa rogo kallon kitse. Girmansa na iya tsorata wanda bai san shi ba, amma ɓarawo zai iya haura katanga ya kwashe janareto karen nan bai ce uffan ba.

Yana da taurin kai irin nasa. An kiwata shi ne ya yanke wa kansa hukunci a fili, nesa da ubangidansa, don haka ba ya rawar jikin bin umarni kamar karnukan 'yan sanda. Kuma ba ya jure duka ko tsawa. In aka matsa masa sai ya zama matsoraci, matsoracin kare kuwa shi ne mai cizo.

Abu mafi muhimmanci ga gidajenmu shi ne, duk ƙaramin abin da ya gilma da gudu, jininsa zai ce masa bi shi. Kaji, zabi, agwagi, 'yan awaki, kyanwar maƙwabta, duk abin farauta ne a wurinsa. In ya zabura ba ya jin kira, ba ya kuma duba mota. Ku auna wannan da babban titin Abuja zuwa Kaduna da ya ratsa garinmu, musamman ranar kasuwa. Game da yara kuwa, ba mugu ba ne, amma ba ya son wasan ja-in-ja, kuma kare mai kilo 40 ko da wasa ya bangaji ɗan shekara biyu, sai an je asibiti.

Zai iya zama da mu?

Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum. Haki yake yi da harshe waje don ya rage zafi. To ga dabbar da aka halitta mata bargo biyu saboda ƙanƙarar Rasha, a kawo ta gindin Dutsen Zuma a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 35, ga wuta ba tabbas. Zafi na iya kashe kare cikin ɗan lokaci: haki mai tsanani, dalala, tangaɗi, amai, sai faɗuwa. Sannan dogon gashi maɓoyar kaska ce da ƙuma, kuma kaska a ƙasarmu tana ɗauke da cututtukan da ke cinye jinin kare, waɗanda suka fi yi wa baƙin karnuka illa.

Yana kuma bukatar fili mai faɗi mai doguwar katanga inda zai yi gudu kullum. Filin gida na ƙafa 50 da 100 da aka cike da gini ba zai wadatar da shi ba, ɗaure shi da sarƙa kuwa zalunci ne.

Akwai wata lalura da ke addabar karnuka masu zurfin ƙirji: tumbi ya cika da iska ya murɗe. Za a ga cikin ya kumbura, karen yana yunƙurin amai ba abin da ke fita, ya kasa zaune ya kasa tsaye. Idan ba a yi masa tiyata cikin 'yan sa'o'i ba, mutuwa zai yi. Mai irin wannan kare dole ya san inda zai sami likitan dabbobi mai tiyata ko da tsakar dare. A ƙarshe kuma, kare ne da ba shi da yawa ko a Turai. Wanda ya ce zai kawo maka kwikwiyonsa ka fara tura kuɗi, ka yi hattara. Kwikwiyo duk kamanninsu kusan ɗaya ne, sai ya girma ake gane abin da aka saya.

Namu na gida

Abin da ya ba yaron Alhaji mamaki shi ne da na nuna masa cewa mu ma a wannan yanki muna da ɗan uwan Borzoi, wanda Turawa ke alfahari da mallakarsa. Sunansa Azawak, sunan kwarin nan da ke tsakanin Nijar da Mali, daga arewacin Tawa, wajajen Abalak da Cintabaradan, har zuwa Menaka. Buzaye da Fulani da maƙwabtansu ne ke kiwonsa tun kaka da kakanni, ana kuma samunsa a arewacin Burkina Faso.

Shi ma da ido yake farauta, yana kama zomo da barewa. Tsayin namiji santimita 64 zuwa 74, nauyinsa kilo 20 zuwa 25. Gashinsa gajere ne ƙwarai, launinsa galibi ja-ja ko ruwan yashi, sau da yawa da fari a ƙirji da ƙafafu. Siririntakarsa har ana ganin alamar haƙarƙarinsa, wanda bai sani ba sai ya ce yunwa ce, alhali haka ƙirarsa take. Yana jure zafin da zai kayar da Borzoi. Kuma shi yana gadi: yana tsare rugga da dabbobi, yana haushi in ya ga baƙo, yana manne wa mutanen gidansu. A farkon shekarun 1970 aka fara kai shi Turai, babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka kuma ta ba shi cikakken matsayi a 2019.

Ko ba a je Tawa ba, dubi karnukan mafarautanmu da ake fita da su da rani bayan an kawar da amfanin gona. Da yawansu dogaye ne sirara masu gajeren gashi, sun saba da ranarmu da abincinmu. Mun raina su ne saboda muna ganinsu a bola, amma karen gida da aka ciyar da shi, aka yi masa rigakafi, aka horar da shi tun yana kwikwiyo, ya fi kowane baƙon kare dacewa da gidan Bahaushe.

Ta fuskar addini, malamai sun yi bayanin halaccin ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, aya ta 4 a Suratul Ma'ida ma ta yi magana kan abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo. Wanda ke son ajiye shi don gadin gida ya zauna da malaminsa ya ji hukuncin da sharuɗɗansa. Ni nawa fagen shi ne lafiya.

Abin da nake gani a kan kanta

Ga inda kare ya haɗu da mai haɗa magunguna. Ba a rufa mako biyu wani bai zo ya ce mini, "Malama, karena ba ya cin abinci, a ba ni maganin zazzaɓi." Jama'a, jikin kare daban, na mutum daban. Ibufurofen da dikulofenak da muke sha don ciwon jiki suna iya huda wa kare tumbi su lalata masa ƙoda. Farasitamol in ya yi yawa yana lalata hantar kare, kyanwa kuwa ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Albasa da tafarnuwa masu yawa suna farfasa ƙwayoyin jininsa, don haka a lura da ragowar miya. Cakulan da goro suna ɗauke da sinadaran da ke sa zuciyarsa bugu fiye da kima. Inabi da zabibi suna iya taɓa ƙodarsa. Ƙashin kaza dafaffe kuma yana tsagewa ya soke hanji.

Karnuka masu farauta da ido, irin su Borzoi da Azawak, suna da wata lalurar ta daban. Ba su da kitse a jiki. Wasu tsofaffin alluran sa barci na tiyata, irin su tiyofental, jiki yana kwashe su ne daga jini ya ajiye a cikin kitse, shi ya sa dabba ke farfaɗowa. Wanda ba shi da kitse sai maganin ya daɗe yana yawo a jininsa, ya yi ta barci, wani lokaci ya zarce. Saboda haka kada a bar wani ɗan koyo ya yi wa irin wannan kare allurar barci.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne masu yi wa kare wanka da fiya-fiya ko maganin ƙwarin gona don kashe kaska. Wannan guba tana shiga ta fata. Tana iya kashe karen, tana kuma shiga jikin wanda ya yi wankan da yaron da ya zo ya shafa shi. Alamunta su ne dalala, amai, zawo, karkarwa, ƙanƙancewar ƙwayar ido da wahalar numfashi. Saboda haɗarin irin wannan sinadari ne hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna a 2019. Akwai magungunan kaska da aka yi musamman don karnuka, a nemi likitan dabbobi ya faɗi wanda ya dace.

Sai tsutsar ciki. Ƙwan tsutsar kare yana fita a kashinsa ya zauna cikin ƙasa, yaro mai rarrafe ko mai wasan ƙasa ya kai hannu baki. A wasu yaran tsutsar kan yi yawo har hanta ko ido. Maganin abin shi ne a riƙa ba kare maganin tsutsa duk wata uku, a kwashe kashinsa kullum, a kuma koya wa yara wanke hannu da sabulu.

Babbar magana: haukan kare

Duk abin da na faɗa a sama ƙarami ne a kan wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar haukan kare tana kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya. Kusan duka ta hanyar kare ake ɗauka, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Cutar ba ta tambayar ko karen na Rasha ne ko na bola.

Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabba. Tana shiga ta cizo ko yakushi ko lasar rauni, ta bi jijiya a hankali har ƙwaƙwalwa. Yawanci takan ɗauki wata biyu zuwa uku, amma tana iya bayyana cikin mako guda ko bayan shekara. Wannan jinkirin ne ke yaudarar mutane: ciwo ya warke, an manta. Daga baya sai zazzaɓi, da zugi ko ƙaiƙayi a wurin tabon, sai firgita, da tsoron ruwa, mutum na jin ƙishirwa amma maƙogwaro ya ƙi. A nan ne wasu iyalai ke cewa iska ce. Gaskiya mai ɗaci ita ce, da zarar alamu sun bayyana, kusan babu mai tashi. Amma kafin su bayyana, ana iya tare cutar gaba ɗaya. Tun 1885 Louis Pasteur na Faransa ya fara ceton wani yaro da allurar, shi ya sa ake tunawa da cutar duk ranar 28 ga Satumba, ranar rasuwarsa.

A bara wata baiwar Allah ta zo da 'yarta 'yar shekara shida, tana neman man shafawa. Kwikwiyon maƙwabta ne ya cije ta a ƙauri kwana uku da suka wuce, an shafa mata toka da gishiri. Na ce, "Maman yara, an yi wa karen rigakafi?" Ta ce mai shi ya ce lafiyarsa ƙalau, kuma ɗan ƙarami ne. Na ce mata kwikwiyo ma yana ɗauke da cutar, kuma kare na iya yaɗa ta kwanaki kaɗan kafin a ga ya canza. Ta ce ba ta son rigima da maƙwabta, ga shi an ce allurar da tsada. Na ajiye man, na ce ba zan sayar mata ba sai ta yi mini alkawarin zuwa asibiti a ranar. Ta tafi ranta a ɓace. Da daddare mijinta ya zo, muka yi magana, washegari aka fara allura, maƙwabcin ma ya ba da nasa kason. Yarinyar tana nan lafiya, karen ma bai mutu ba. Wataƙila wani ya ce an yi asarar kuɗi. Ni kuwa na ce ba a caca da ran yaro.

Ga abin da za a yi idan kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi.

Na farko, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa, ana kwarara ana wankewa har minti 15. A duba agogo, domin minti 15 ya fi yadda ake zato tsawo. Wannan wankin kaɗai yana rage haɗari sosai.

Na biyu, a shafa aidin ko sifirit in akwai. Kada a sa toka, barkono, man birki ko garin magani, kada kuma a ɗaure wurin tamau.

Na uku, a tafi asibiti a ranar. Allurar da ake yi a dantse ana yin ta ne a ranar farko, da ta 3, da ta 7, sannan ta ƙarshe tsakanin rana ta 14 da ta 28. Wasu asibitocin sukan yi biyar. Ba a yin ta a ɗuwawu, ƙananan yara kuma a cinya ake yi musu. Idan cizon ya huda fata, ko yawun ya taɓa rauni ko ido ko baki, akwai wata allurar garkuwa da ake yi a cikin raunin da kewayensa. Za a kuma duba batun allurar sandarewar jiki. Mai ciki da mai shayarwa da jariri duk ana yi musu. Wanda ya makara ma ya je, muddin alamu ba su bayyana ba.

Na huɗu, in karen sananne ne, a killace shi a sa masa ido kwana 10, a kuma sanar da ofishin likitan dabbobi. Amma kada a ce sai an ga abin da ya same shi kafin a fara allura. In ya mutu ko aka kashe shi, kada a taɓa gawar da hannu, kada a sayar wa masu ci. Jami'an dabbobi na iya tura kansa gwaji a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato.

Wata shawara daga fagen aikina: wannan allura a firiji take zama, tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba ta son zafi, ba ta son daskarewa. Wadda ta kwana a aljihu ko a shagon da wuta ta yi kwana biyu ba ta zo ba, tana iya zama ruwa kawai. A saya a wurin da aka amince da shi, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a ɗauko ta cikin kula mai ƙanƙara.

Hanya mafi sauƙi kuwa ita ce a yi wa karen kansa rigakafi, tun yana wata uku, sannan a riƙa maimaitawa duk shekara, a ajiye katin. Kuɗin rigakafin kare bai kama ƙafar kuɗin alluran mutum guda ba. Masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari rigakafi, cutar takan daina yawo. Wannan aiki ne da masu unguwanni da ƙungiyoyin mafarauta da 'yan sintiri za su iya haɗa kai da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma a yi shi.

A koya wa yara kada su taɓa karen da ba su sani ba, ko mai cin abinci, ko karya mai shayarwa. In kare ya nufo su kada su ruga, su tsaya cik su kau da ido. Mafi muhimmanci, su faɗa in kare ya cije su ko ya yakushe su. Yaro da yawa yakan ɓoye don tsoron duka, don haka iyaye mu sassauta.

Da Alhaji ya dawo na zayyana masa duk wannan, sai ya yi dariya ya ce, "Ashe maigadin da ba ya magana za mu ɗauko, mu kuma saya masa na'urar sanyaya ɗaki." Yaron dai bai ji daɗi ba, sai da ya ga hoton Azawak ya ɗan saki fuska. A ƙarshe wurin wani tsohon mafarauci suka samo kwikwiyo ja mai farin ƙirji. Ranar da ya cika wata uku yaron ya biyo ta shago da katin rigakafi a hannu, ya ce, "Anti, an yi masa." Na ce ya ajiye katin tare da takardun makarantarsa, kuma baɗi war haka ina jiran ya sake nuna mini.

Mai tambaya kan wannan batu ko wani daban ya aiko ta hanyar da aka saba. Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.